Mai Son Karanta Tarihi, Ya Fara da Harshe

'Yan'uwa masu niyyar karanta Tarihi a jami'a, don Allah ku riƙe Larabci da ajami tun kafin a ba ku gurbi. Wanda ya iya su zai karanta rubuce-rubucen hannu da ke Arewa House, cibiyar binciken tarihi a Kaduna, da idonsa, ba sai ya jira fassarar wani ba. Tarihin duniya ma a nan yake haɗuwa da namu: wasiƙar da Sarkin Turkiyya Murad na Uku ya aika wa Mai Idris Alooma na Borno a 1577, kwafinta yana ajiye a Istanbul. In da hali ku ƙara da Faransanci, domin da shi aka rubuta takardun mulkin mallaka na Nijar da Chadi.