Yadda za ka binciko asalin gidanku kafin tsofaffi su ƙare

Fara da tsofaffin mata. Kaka, gwaggo da inna sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wace ce aka kai riƙo wani gari, wane ne ya tafi fatauci bai dawo ba. Ka je da goro ko ɗan turare, ka zauna ƙasa, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. Kada ka ce "Goggo, wace shekara aka haife ki?" Da wuya ka sami amsa. Tambaye ta wane sarki ke kan gado a lokacin, ko tana da wayo da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956, ko ta haihu kafin canjin kuɗi na 1973. Da irin waɗannan za ka ƙiyasta shekaru. Ka kuma tambayi sunan yanka, don alkunya ta sa gidaje da yawa sun san kakansu da laƙabi kawai, Maigoro ko Ɗanjuma.

Sai ka dubi zanen fuska. Turawa suna da tambarin gida da ake zanawa a jikin garkuwa, mu kuwa alamarmu a fuska take da kuma cikin kirari. Zanen Bagobiri daban, na Bakabe daban, 'yan bakan Kanawa daban. Yanzu galibi an daina, saboda haka tsofaffin hotuna da tsohon wanzamin unguwa ne za su faɗa maka ma'anarsa. Kirarin gida ma ka rubuta shi kamar yadda aka faɗa, ko da ba ka gane wasu kalmomi ba, domin sau da yawa sunan garin da aka taso yana ciki. Sana'a da unguwa su ma shaida ne: wanda aka ce kakanninsa Agalawa ne ko Tokarawa, ya nemi sawunsu a hanyar fataucin goro zuwa Salaga da Zangon Kumasi a ƙasar Ghana. Wanda aka ce nasa sun yi gabas bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, ya bincika garin Mai Wurno a Sudan.

Bayan baki, takarda. Buɗe gafakar Alƙur'anin gida, malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen warƙa. Takardun gado na kotu da na gona suna jero sunayen magada. Daga nan ka nufi ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke, ko Gidan Arewa, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Wajen rubutawa, ka raba abin da ka ji da abin da ka gani a rubuce, ka sa sunan wanda ya faɗa maka kowane labari. In ruwaya biyu ta saɓa, ajiye duka. Kuma don Allah kada ka jawo salsala ta kai gidan sarauta ko sharifai ba tare da hujja ba. Manomi da maƙeri ma kakanni ne.

Kafin ka tura wa dangi a WhatsApp, kai wa dattijan gida su ji. Akwai zancen bauta, saki da rikicin gado da har yanzu ke yi wa masu rai ciwo, su za su ce maka abin da za a fitar. Sannan ka buga a takarda, ka ba kowane ɗaki kwafinsa, ka bar sarari a ƙasa don 'ya'yan da za a haifa.