Kurakuran da Aka Fi Yi da Kalmar "Put" a Takardun Ƙiyasi da Neman Kwangila

Na daɗe ina shirya takardun neman kwangila a wani ɗan ofishi da ke Garki, kuma kusan kowace shekara ana turo mana masu bautar ƙasa da sababbin ma'aikata da ke son koyon aikin. Yawancinsu suna da Turanci daidai gwargwado, amma da zarar an zo wurin rubuta ƙiyasin kuɗi ko gabatar da shawarar aiki, sai kalma ɗaya mai haruffa uku ta kayar da su, wato "put". Ita kanta kalmar ba ta da wuya. Wahalar tana cikin 'yar kalmar da ke biye da ita, domin "put forward" daban, "put at" daban, "put up" kuma wata duniya ce ta daban, alhali duk a kan kuɗi ake maganarsu. Na gaji da jan layi da jan biro a wuri ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Zan fara da "put up", domin shi ne ya taɓa kunyata ni a gaban mutane. A ma'aikatun gwamnati, duk wanda ya taɓa bin sawun fayil a Sakatariyar Tarayya ya san ana cewa a yi "put up" na takarda, har ma a taƙaita shi da haruffa biyu a gefen shafi, ma'ana a kai wa na sama ya duba. Daga nan mutanenmu suka ɗauka cewa duk abin da za a miƙa, "put up" ake yi masa. To amma idan adadin kuɗi ya biyo bayan wannan furuci, ma'anarsa a Turanci ita ce kai ne za ka fitar da kuɗin daga aljihunka. Wata shekara wata ƙungiyar agaji ta nemi masu gyara rufin azuzuwa a wajen Kuje, kuma a lokaci guda tana neman masu ba da gudummawa. Na rubuta mata da hannuna cewa "we are putting up N6,000,000 for the roofing", ina nufin kuɗin da muka ƙiyasta aikin zai ci ke nan. Bayan kwana uku wani jami'insu ya kira maigidana yana ta godiya, yana cewa, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ba mu taɓa samun ɗan kwangila mai irin wannan kyauta ba." Maigida ya ajiye waya, ya cire tabarau, ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe na zama mai rabon sadaka ban sani ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren alƙalami ne." Ya ce alƙalami ba ya rubutu shi kaɗai. Mun rubuta takardar gyara, amma aikin ya riga ya kuɓuce, domin babu mai ba da kwangilar miliyoyi ga wanda bai san bambancin abin da zai karɓa da abin da zai bayar ba. Tun daga ranar na hana "put up" shiga kowace takarda da ke fita daga ofishinmu, ko da a wurin da ya dace ne. Wasu abokan aiki suna ganin na tsananta, ni kuwa wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Abin da ya kamata na rubuta shi ne "we put the cost of the roofing at N6,000,000". A nan a lura da tsarin: abin da ake ƙiyastawa yana shiga tsakiya, sannan "at" ta zo daf da adadin kuɗin. Ina yawan ganin "put the cost to" da "put the cost as", duka biyun ba daidai ba ne. Haka ma "estimated" take, "at" take ɗauka kafin lamba, sai dai idan aikatau ne zai biyo baya, kamar "estimated to cost N6,000,000". Wanda ya rubuta "estimated to N6,000,000" ya haɗa rabin wannan da rabin wancan.

Kuskure na biyu ya fi na farko cin kuɗi, kuma a nan ne nake son matasa su buɗe kunne. "We put the cost at" kintace ne, yana barin ƙofar ƙari ko ragi a buɗe. "We quote" kuwa yanke farashi ne, idan mai aiki ya amince, da wuya ka zame. A watan Mayun 2023 wani yaro da nake koya wa aiki ya shirya wa wani kamfani mai zaman kansa takardar shingen katanga. Sun nemi ƙiyasi ne kawai don su san inda za su dosa, shi kuwa don takarda ta yi armashi sai ya buɗe da "we hereby quote", bai kuma sa wa'adin da farashin zai ƙare ba. Ni ma na sa hannu ban karanta da kyau ba, laifin da har yau nake ɗora wa kaina. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, zuwa Yuli lita ta haura 600 a Abuja. A Yulin ne kamfanin ya dawo da takardarmu da hatimin amincewa. Na tafi kasuwar Dei-Dei da tsohon lissafi a hannu, mai rodi ya dubi takardar ya yi dariya, direban tifa kuma ya ce kuɗin da na rubuta ko man zuwa ba zai saya ba. Mun yi aikin don kare suna, riba ta tafi, har uwar kuɗi ta taɓu. Saboda haka idan na ga yaro yana zuba "hereby" da "quote" don kawai su yi daɗin ji a kunne, raina yakan ɓaci ƙwarai. Wa ya gaya muku ado ake yi da takardar kuɗi? Ɗabi'ata yanzu ita ce duk inda "quote" ta fito, sai an rubuta kwanakin da farashin zai tsaya a ƙarƙashinta, ni kwana 14 nake sawa ko da abokin ciniki zai yi ƙorafi, sannan a fayyace ko an haɗa da harajin VAT ko ba a haɗa ba.

Sai dai kada a juya maganar. A tayin kwangilar gwamnati da ake yi bisa Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, tsayayyen farashi ake nema a cikin ambulan da aka rufe, don haka "we put the cost at about" ba shi da gurbi a can.

Shawarar aiki kuwa, wato tsarin yadda kake ganin za a gudanar da abu, "put forward" ake yi mata. Matsalar da nake gani a nan ta wakilin suna ce: ana cewa "put forward the proposal" ko "put the proposal forward", amma da "it" dole ta shiga tsakiya, "put it forward". Ban da haka, ba na amfani da wannan furuci a kan ranar taro, domin wani zai fahimci an matso da ranar kusa, wani kuma ya ɗauka an tura ta gaba. Ranar nake rubutawa da lambobi kowa ya huta.

Sauran ƙanana ne. Ɗan kwangila "put in a bid" yake yi, ma'aikata ce ke yin "put out to tender", kada ka ƙwace mata aiki a takardarka. "Put down" kafin alƙalami ne. "Put off" ɗage abu ne, kuma na taɓa kama shi a takardar wata yarinya da ta so ta ce mun gabatar da tayinmu, sai ta sanar da darakta cewa mun ɗage shi. Ta ce mini, "Baba, ai harafi kaɗan ne bambancin." Na miƙa mata jan biron na ce ta gyara da kanta, ta kuma sake buga shafin kafin masinja ya tafi.