Yadda Ake Gane Laimar Kwaɗin Da Ke Fitowa A Jikin Icce

Idan damina ta kankama, ruɓaɓɓun kututture a daji kan cika da laimar kwaɗi iri-iri. Kafin ka tsinka, duba a kan me ta fito: mataccen icce ko mai rai? Ka tona gindinta da wuƙa, domin wata a jikin binnanniyar saiwa take, a zaci ta ƙasa ce. Ciro ta har gindi ka naɗe a takarda, kowane iri daban. A leda gumi take yi ta narke.

Sai ka kifa ta ka duba ƙarƙashin hular. Wata siraran layuka ne, wata ƙananan huji, wata sumul. Laimar da masana ke kira Lentinus squarrosulus, wadda ake ci sosai a kudancin Najeriya, fara ce, hularta ta lotsa a tsakiya da ɗan ɓawo-ɓawo, layukanta suna gangarowa jikin kara. Gungu-gungu take fitowa, kuma in ta tsufa sai ta yi tauri. Wata kuma mai suna Ganoderma tana da huji a ƙasa, samanta ja mai sheƙi, ba ta taunuwa. Ganinta a gindin bishiya mai rai alama ce cikin bishiyar yana ruɓewa.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na ƙurar iri, wato ƙurar da ke zuba daga ƙarƙashin hular. Yanke kara, ka ɗora hular a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka kife kofi a kai ta kwana. Lentinus farar ƙura take zubarwa. In ƙurar ta fito launin tsatsa, laimar kuma ƙarama ce, ruwan ƙasa, da zobe a jikin kara, ka yar da ita. Haka wadda ake kira Galerina take, gubarta hanta take ci, kuma dafawa ko shanyawa ba sa kashe ta. Ba ta nuna kanta da wuri: sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, daga baya mutum ya ji sauƙi alhali hanta na lalacewa. A tafi asibiti nan take, a riƙa ragowar abin da aka ci.

Cewa wai duk wadda tsutsa ko dodon koɗi ya ci ba ta da guba, wannan ba gaskiya ba ne. Hoton waya ma bai isa hujja ba. Kada ka sa ta a tukunya sai wanda ya daɗe yana cin irinta a yankin ya riƙe ta a hannu ya tabbatar.