Yadda Za Ka Gina Gidan da Ba Ya Riƙe Zafi

Kafin a haƙa harsashi, ka je filin da hantsi, ka sake komawa da la'asar, ka ga inda rana ke bugawa. A ƙasashe masu zafi, dogayen bangaye su fuskanci arewa da kudu. Bangon yamma shi ne matsala: zai sha rana har faɗuwarta, sannan ya yi ta amayar da zafin cikin ɗaki da tsakar dare. Kada ka ba shi babbar taga. Jingina masa banɗaki ko ɗakin ajiya, ka dasa bishiya ta wannan ɓangaren tun yanzu, da ɗan tazara saboda saiwa.

Ni dai ina bayan bulon ƙasa. Sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, ga shi bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi. Amma ka fara gwada ƙasar. Ɗebo ta ƙarƙashi, ba ta saman mai ciyawa ba, ka zuba a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka bar ta ta kwana. Yashi zai fara kwanciya, sai laka, yumɓu a sama. In yumɓu ya rinjaya, bulo zai tsattsage, sai a ƙara yashi. A gauraya siminti kashi 5 zuwa 8, a matse da injin hannu, a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa, kuma kada a ɗora shi a gini sai ya yi mako huɗu. Gaggawa a nan ce ta ɓata wa ginin ƙasa suna. Harsashi kuwa na dutse ko kankare ne, ya ɗago sama da ƙasa, rufi ya zarce bango don ruwan sama kada ya ci shi.

Rufin ma ka ba shi numfashi. A makarantar firamaren Gando ta Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001, mai zanen gine-gine Francis Kéré ya ɗaga kwano sama da silin, iska na ratsawa ta kwashe zafi. Ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine, a 2022. In ɗaga kwanon ya fi ƙarfinka, shafa wa kwanon farin fenti, kamar yadda ake yi a Ahmedabad ta Indiya, birnin da ya fitar da tsarin yaƙi da zafi a 2013. Ka sa indararo da tanki: rufi mai murabba'in mita 100 yana tara kusan lita 60,000 daga ruwan sama na milimita 600.

Sai dai gida ɗaya ba ya tsare ambaliya. Idan hukumar yankinku ta kira zama kan shirin sauyin yanayi, don Allah ka je da maƙwabta. Ku nemi taswirar inda ruwa ke kwanciya, a hana gini a kan hanyarsa, kuma a sa bulon ƙasa cikin ƙa'idojin gini don mai neman izini ya daina shan wahala.