Yadda ake saƙa maɗaurin gashi da kwarashi

Ki nemi zaren ulu mai matsakaicin kauri, kwarashi mai milimita 4 ko 5, almakashi da allura mai faffaɗan ido. Zare mai haske ya fi wa mai koyo, don a baƙi ba a ganin idanun saƙa sosai.

Fara da ƙullin zarge a jikin kwarashin, sai ki yi sarƙa 11, wato ki laƙato zare ki ja shi ta madaukin da ke kan kwarashin, sau 11.

Ki tsallake idon farko, ki zura kwarashin a na biyu, ki laƙato zare ki fito da shi. Yanzu madaukai biyu ne a kansa. Ki sake laƙato zare, ki ratsa su duka a ja ɗaya. Haka har ƙarshen layi, ido 10 ke nan. Nan fa ake son sassauci: in kika matse zaren, kwarashin ba zai shiga ba a layi na gaba, yatsu kuma su yi ta ciwo.

Sai sarƙa ɗaya, ki juya, ki ci gaba. Ki riƙa ƙirgawa, don idon bakin layi yana da saurin ɓuya.

In ya kusa zagaye kanki, saura kamar santimita 4, ki tsaya, tunda saƙa tana miƙewa. Ki yanke zaren da ɗan tsawo, ki ja shi ta madaukin ƙarshe, ki ɗinke bakunan biyu, ki cusa jelar cikin saƙar.