Kurakuran da aka fi yi a gyaran salla: masu sakewa ba dalili da masu barin ta a ɓace

Babin rafkanwa yana cikin Ahalari, littafin da kusan duk yaron da ya zauna zauren malami a cikin birnin Zariya ya karanta, amma har gobe shi ne babin da aka fi tafka kuskure a cikinsa. Wasu suna sake salla a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wasu kuma su yi sujada biyu su shafa addu'a su tashi, alhali sallar ta riga ta ɓaci. Bayanina a kan mazhabar Malikiyya yake, wadda aka fi karantarwa a nan.

Ƙa'idar gajeriya ce. In ka yi ragi a sunna, ƙabli: bayan tahiya ka yi sujada biyu, ka sake tahiya, ka sallame. In ƙari ka yi, ba'adi: ka sallame, ka yi sujada biyu, ka yi tahiya, ka sake sallama. In ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli ke rinjaye.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke salla a faro sabuwa. Mutum ya sallame a raka'a biyu ta La'asar, na kusa da shi ya ankarar da shi, sai ya miƙe ya ɗaura sabuwar niyya, wai don ya fita daga shakka. Wa ya koya maka haka? Wannan abin ya faru da Manzon Allah (SAW) kansa. Ya sallame a raka'a biyu, wani sahabi mai suna Zul Yadaini ya tambaye shi ko an rage salla ne ko mantawa ya yi, Annabi bai sake daga farko ba, ya ciko biyun da suka rage ya yi sujada bayan sallama. Kai ma muddin ba ka daɗe ba kuma ba ka fita masallaci ba, ka yi kabbara da niyyar komawa cikin sallar kana zaune, ka tashi ka ciko, ka yi ba'adi. Haka mai kokwanton uku ya yi ko huɗu: ya ɗauka uku ce, ya ƙaro ɗaya, ya yi ba'adi.

Amma mai waswasi, wanda kokwanto ke zo masa kullum, hukuncinsa daban ne. Ba ya ciko komai. Ya yi watsi da shakkar, ya sallame, ya yi ba'adi. Irin wannan ni ba na yarda ya sake salla ko sau ɗaya, domin sakewar ce ke ciyar da ciwon. Za ka gan shi a gefen sahu yana ɗaga hannu yana saukewa, kabbarar harama ta gagara, har liman ya yi ruku'u. Ku iyaye da malaman Islamiyya, in kun ga yaro ya fara haka kada ku yaba masa da tsoron Allah, ku tsawatar tun da wuri.

Sai masbuƙi, wato wanda ya tarar liman ya riga ya fara salla, kuma a nan sallar bayin Allah take zubewa, musamman a masallatan kasuwa irin na Sabon Gari inda rabin sahu a makare suke shigowa. Liman ya sallame ya tafi sujadar ba'adi, sai wanda ake bi bashin raka'a biyu ya bi shi. Malam, kai ba ka gama sallarka ba, ina kai ina ba'adi? In ka samu raka'a ɗaya cikakkiya ko fiye tare da liman, ƙabli kawai za ka bi shi. Ba'adi kuwa sai ka tashi ka rama abin da ya wuce ka, ka sallame, sannan ka yi. In ka bi shi da gangan sallarka ta ɓaci, sai sakewa. Wanda bai samu ko raka'a ɗaya ba, a tahiyar ƙarshe ya tarar da su, babu ruwansa da ƙabli ko ba'adin liman. In ya bi, shi ma sallarsa ta ɓaci.

Farilla kuma sujada ba ta gyara ta. Wanda ya manta ruku'u ya tuna yana sujada, ya miƙe tsaye, ya ɗan karanta wani abu, ya yi ruku'un, daga baya ba'adi. Wanda ya bar sujada ɗaya ya tuna bayan ya miƙe, ya koma ya zauna ya yi ta. In bai tuna ba sai da ya ɗago daga ruku'un raka'ar gaba, waccan ta mutu, ya kawo wata a madadinta. In ya sallame ya tafi gida da wannan giɓin, sallar duka zai sake.

Zaman tahiyar farko sunna ne. In ka tuna kafin hannuwa da gwiwoyinka su rabu da ƙasa, koma ka zauna, babu komai. In sun rabu, wuce abinka ka yi ƙabli. Sai dai kada ka yi sakaci da wannan ƙablin, domin a kan sunnoni uku yake: kabbara, zama da tahiya. In ka manta shi har aka jima ko ka fita masallaci, sallar ta tafi. Ba'adi kuwa ko bayan shekara ka tuna, yi abinka.

Alƙunutu mustahabbi ne, wanda ya manta shi a Asuba ba sujada a kansa, in ma ya yi masa ƙabli ya ɓata sallar da hannunsa. Murmushi ba komai, dariya mai sauti tana ɓatawa ko da mantuwa ce. Wanda ya tuna ba shi da alwala ya sake, ko kwana nawa aka yi. Wanda ya ga najasa a rigarsa bayan ya idar, an so ya sake ne kawai in lokaci bai fita ba: Azahar da La'asar kafin rana ta yi fatsi-fatsi, Magariba da Isha kafin alfijir, Asuba kafin hudowar rana.