Darasi na 9: Ina tsohon kishimi ya shige?

A ƙasar Amurka akwai wata irin barewa mai farar wutsiya. Idan ta firgita sai ta ɗaga wutsiyar sama, farin ya bayyana, 'yan'uwanta su gani su arce. Ana samunta tun daga kudancin Kanada har zuwa ƙasar Peru, amma a Amurka ta fi yawa, inda aka ƙiyasta akwai kimanin miliyan 30. Namijinta, wato kishimi, ƙahonsa mai rassa ne, kuma kowace shekara yakan zubar da shi tsakanin Janairu da Maris, wani sabo ya tsiro. A nan ya sha bamban da barewar dajinmu, wadda ƙahon da ta yi shi ke kanta har ta mutu.

Wajen shekarar 1900 maharba sun kusa ƙarar da wannan dabba, abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. Doka ce ta cece ta. Aka hana sayar da naman daji a kasuwa, aka sa lasisi, aka yanka wa farauta lokaci. A 1937 kuma aka yi dokar da ta ce harajin bindiga da harsashi a riƙa kashe shi wajen kula da namun daji. Yau mutum yakan sayi fili, ko ya karɓi haya, don farauta kawai. A jihar Teksas, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar mutane ce, hayar filin farauta babbar sana'a ce.

To, masu waɗannan filaye suna da wani kuka da suke yi kowace shekara. Mutum zai ɗaura kyamara a jikin itace, irin wadda ke ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gifta. Yuli da Agusta kullum ga hoton wani rusheshen kishimi yana kiwo da yamma. Ana buɗe farauta, sai a neme shi a rasa. Wannan darasi zai nuna mana inda yake shiga.

Wane ne tsoho?

Ana haihuwar 'ya'yan barewar nan a ƙarshen Mayu da Yuni, ana farauta daga Satumba zuwa Janairu. Shi ya sa maharba ke ƙirga shekarun kishimi da rabi: ɗaya da rabi, biyu da rabi, haka har sama. Sai ya kai shekara huɗu da rabi ƙashinsa ke gama girma, daga nan ne ake ce masa babba. Kaɗan ne ke kaiwa nan. A 1989, cikin kowane kishimi goma da aka harbe a Amurka, wajen shida 'yan shekara ɗaya da rabi ne. Yanzu ba su kai uku cikin goma ba, domin maharba da yawa sun yarda su ƙyale ƙanana su girma. Duk da haka, wanda ya kai shekara biyar ya riga ya tsallake farauta aƙalla sau huɗu. Ya ji ƙarar bindiga, ya shaƙi warin mutum, ya tsira. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abinci ya tashi, shi ma ya tashi

A watannin zafi na can, wato Yuni zuwa Agusta, mazan sukan haɗu su yi ƙungiya, uku ko biyar, suna kiwo a fili cikin gonakin waken suya. Ƙahonsu a lokacin danye ne, da wata fata mai laushi a kansa, akwai jini a ciki, ba sa son abin da zai taɓa shi. Saboda haka ba faɗa, ba yawo mai nisa. Shi ne lokacin da kyamara ke ɗaukarsu kullum.

Ƙarshen Agusta zuwa Satumba rana takan ƙara gajarta. Jikin kishimi ya canza, ƙahon ya bushe, ya goge fatar a jikin itace. Abokan jiya sun zama abokan gaba, ƙungiya ta watse, kowa ya kama gabansa. A daidai wannan lokaci ganyen waken suya ya yi rawaya, ba ya ciyuwa. Can cikin kurmi kuma 'ya'yan itacen oak sun fara zuba, kuma barewa tana son su ƙwarai, musamman na farin oak da ba su da ɗaci sosai. Abinci ya koma ƙarƙashin inuwa, to me zai fito da shi fili? Ga kuma girbin masara. Gonar masara tsayayya ɗaki ce a wurinsa, yana ci a ciki yana kwana a ciki. Ranar da injin girbi ya share ta, dole ya nemi wani makwanci.

Wasu kuwa ƙaura suke yi gaba ɗaya, kamar makiyayin da ke da mashekarin damina da na rani. Masu bincike na Jami'ar Jihar Misisifi sun ɗaura wa manyan maza wata na'ura a wuya mai aiko da rahoton inda suke. Sun gano cewa kusan ɗaya cikin uku gida biyu gare shi. Akwai wanda suka sa wa lamba 140, wanda yakan yi tafiyar mil 18, wajen kilomita 29, har ya yi iyo ya haye babban kogin Misisifi, ya yi watannin zafi a jihar Luwiziyana, in kaka ta yi ya hayo ya dawo. Mai filin da ya ciyar da irin wannan dabba a Yuli, ko me zai yi ba zai gan ta a Nuwamba ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Mu yi ɗan lissafi

Yankin da babban kishimi ke yawo a ciki yakan kai kimanin eka 640, wani ya fi haka, wani bai kai ba. A ce wani mutum yana da fili eka 80. Raba 640 gida 80, ka sami 8. Ke nan filinsa kashi ɗaya ne cikin takwas na yankin dabbar, sauran bakwai na maƙwabta ne. Idan ya ce "kishimina", maƙwabta bakwai ma suna iya faɗin haka.

Lokacin barbara

A arewacin Amurka barbara takan yi ƙarfi a watan Nuwamba. Mace takan karɓi namiji na kamar kwana ɗaya ne kawai, in ba ta samu ba sai bayan kwana 28. Don haka namiji ba ya zama. Yana tafe dare da rana yana shinshina sawu, yakan fita yankinsa mil da yawa, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya dawo. In ya sami mace sai ya kora ta wani lungu ya tsare ta, ba a ganinsu sai sun rabu. Ci ma ba ya yi sosai, har yakan zubar da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ko fiye. Filin da mata ba sa zama a cikinsa, a Nuwamba ba ya riƙe namiji.

Mutum

Wannan shi ne babban dalili, kuma shi kaɗai ne ke hannun mai fili gaba ɗaya. Sau da yawa kishimin yana nan bai je ko'ina ba. Mai filin ne ya koya masa ɓuya.

Dubi abin da mutum ke yi da zarar ya ga hoton babbar dabba. Zumuɗi ya kama shi. Yau ya je duba kyamara, gobe ya je sare rassa don hanyar harbi ta buɗe, jibi ya kawo abokinsa ya nuna masa sawu. Ya shiga da mota, ya buga ƙofa, ya taɓa ganye da hannu, ya bi ta tsakiyar wurin da dabbar ke kwana. Shi a ganinsa bai yi komai ba, tun da bai ga barewa ta gudu ba. Amma da dare kishimi zai zo ya bi sawun nan da hanci, ya san inda mutum ya shigo da inda ya tsaya. Idon wannan dabba ba ya rarrabe ja da ruwan lemo sosai, shi ya sa maharba ke sa riga mai ruwan lemo don 'yan'uwansu su gan su kada a harbe su. Hancinta kuwa ba a yaudararsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira, in ji Hausawa, amma shi kishimi hanci ne ke cetonsa.

Ba ya kuma ɗaukar lokaci kafin ya gane. Wani bincike a jihar Okalahoma ya nuna cewa cikin kwana uku da buɗe farauta maza sun sauya tafiyarsu, maharba suka rage ganinsu, alhali na'urar wuyansu tana nuna suna nan cikin filin. A jihar Karolina ta Kudu wani mai bincike daga Jami'ar Auburn ya gano cewa idan maharbi ya zauna a wurin kwantonsa yau, mazan sukan kauce wa wurin da rana har 'yan kwanaki, kuma gwargwadon yawan zama a wurin, gwargwadon yadda suke gudunsa. Abin da tsohon kishimi ke yi shi ne ya matse rayuwarsa cikin ɗan wuri mai sarƙaƙiya, ko fadama, ko gefen tudu inda iska ke kawo masa labarin baya, ido kuma na nuna masa gaba. Yana tashi ya yi kiwo da rana, amma a cikin duhuwar nan. Ba ya fitowa fili sai duhu ya yi, kuma a jihohi da yawa doka ta hana harbi daga rabin awa bayan faɗuwar rana.

Ni a ganina wannan dabba ta cancanci girmamawa. Ba ta da makami sai lura, kuma da lurar take rayuwa shekara da shekaru a tsakiyar mutane masu bindiga da kyamara.

Wani lokaci ya mutu ne

Dole a faɗi wannan ma. A ƙarshen zafi, musamman shekarar fari, akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke hayayyafa a taɓon bakin tafki, suna ɗauke da wata cuta mai sa zazzaɓi da zubar jini a ciki. Barewar da ta kamu takan nufi ruwa, a can ake tsintar gawarta. A 2007 da 2012 cutar ta yi ɓarna mai yawa, kuma ba ta tsayawa sai sanyi ya sauka ya kashe ƙwarin. Akwai wata kuma mai cin ƙwaƙwalwa a hankali har dabba ta rame ta mutu. An fara ganinta a jihar Kolorado a 1967, ta bayyana a jihar Wiskonsin a 2002, ba ta da magani, kuma ta fi kama manyan maza. Mota ma tana kashe su, fiye da miliyan ɗaya ake bugewa a shekara, kuma a Nuwamba abin ya fi yawa. Wani rauni ne na faɗa ke ruɓewa a gindin ƙaho. Wani kuwa maƙwabci ne ya harbe shi bai faɗa wa kowa ba.

Me mai fili zai yi?

Da farko ya ware wani yanki mai duhuwa ya haramta wa kansa shiga, sai fa in bin dabbar da ya harba ya kai shi. Wannan shi ne abu mafi wuya, domin fili nasa ne, ransa yana son ya zaga. Amma tsohon kishimi wurin da ba ya jin warin mutum yake zaɓa, ko da abincin wurin bai kai na maƙwabta ba.

Sai kuma iska. Maharban ƙasarmu ma sun san ba a tunkarar nama iska na bayanka. Kafin ya fita ya duba inda take kaɗawa, in za ta kai warinsa makwancin dabba, ya haƙura ya zauna gida ko ya je wani wurin kwanton. A ƙasa mai tudu da kwari akwai ƙarin abin lura: da safe, in rana ta ɗumama ƙasa, iska takan hau sama, da yamma in wuri ya yi sanyi ta gangara kwari. Hanyar shiga da ta fita su ma a zaɓe su, a bi gefen fili ko cikin rafi, kada a ratsa ta wurin kiwo. Kada a zauna wuri ɗaya kwana biyu a jere. Kyamara kuma a sa ta a bakin fili inda za a iya dubawa ba a shiga kurmi ba, ko a sayi mai aiko da hoto ta waya.

Game da abinci, ya shuka abin da zai yi kore a Oktoba da Nuwamba, lokacin da gonakin maƙwabta suka bushe. Ya sare wasu itatuwa rana ta sauka ƙasa, ciyawa da ƙananan tsirrai su taso su yi kauri. Wannan yana jawo mata, mata kuma su jawo namiji.

Abu na ƙarshe ba a cikin kurmi ake yinsa ba. Lissafinmu ya nuna dabba ɗaya tana bin filayen mutane da yawa, kuma fiye da rabin matasan maza sukan bar inda aka haife su tun suna shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Don haka a wurare da dama maƙwabta sukan zauna su yi yarjejeniya a kan shekarun da za a fara harbi, su riƙa nuna wa juna hotuna. A 1988 aka kafa wata ƙungiya a Karolina ta Kudu don yaɗa irin wannan tsari, kuma tana cikin waɗanda suka sa harbin ƙanana ya ragu.

Aikin aji

1. Wani yana da fili eka 160. Kashi ɗaya cikin nawa ne na eka 640?

2. An haifi kishimi a Yunin 2019. Shekararsa nawa a Disambar 2023? Ya isa a ce masa babba?

3. Kowa ya zana fili a takarda, ya sa kurmi a gabas, gona a yamma. Iska tana tasowa daga yamma. Ku tattauna da na kusa da ku: yau ranar zama a bakin gonar nan ce? Ku rubuta dalilinku a jimla biyu, ku karanta wa malam.